Motsa jiki ga mai shan maganin tsinka jini: ina haɗarin yake, kuma me aka yarda a yi?

A watan Fabrairun 2025, ƙungiyar ƙwallon kwando ta San Antonio Spurs da ke Amurka ta sanar cewa ɗan wasanta Victor Wembanyama ba zai ƙara buga wasa ba a wannan kakar, saboda an gano gudan jini a jijiyar kafaɗarsa ta dama. Wata guda bayan haka aka samu irin wannan matsala a ƙafar Damian Lillard na Milwaukee Bucks, amma shi ya koma fili cikin kusan wata ɗaya, bayan likitoci sun tsayar masa da maganin. Shekaru goma kafin su, Chris Bosh na Miami Heat ya yi fama da gudan jini a huhu a 2015, ya sake fito masa a ƙafa a 2016, kuma daga nan bai ƙara buga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba.

Duk wanda ke shan maganin tsinka jini, idan ya ji irin waɗannan labarai, dole ya tambayi kansa: idan ƙarfafan 'yan wasa da ke da likitoci a gindinsu an hana su fili, ni kuma fa? Abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne, likitan da ya ce masa ya guji jin rauni, shi ne kuma ya ce masa ya riƙa motsa jiki. Da yawa sukan warware wannan ta hanya mafi sauƙi: ko su daina motsa jikin, ko su riƙa tsallake maganin ranar da za su fita. Duka biyun an gudu ne ba a tsira ba.

Abin da maganin yake yi a jiki

Maganin ba ya mayar da jini ruwa-ruwa, ba ya kuma narkar da gudan da ya riga ya daskare. Aikinsa shi ne jinkirta daskarewar jini, ya hana sabon guda fitowa, ya hana tsohon girma, har jiki ya narkar da shi da kansa.

Idan jijiya ta tsage, jiki yana toshe ta ne a mataki biyu. Da farko wasu ƙananan ƙwayoyin jini masu danƙo, waɗanda ake kira filatilet, su taru su manne a bakin raunin. Sannan wasu sinadarai da hanta ke haɗawa su tayar da juna bi da bi, har su saƙa wani zare da zai ɗaure toshiyar ta yi ƙarfi. Magungunan sun rabu gida biyu a kan haka. Asfirin da clopidogrel suna rage danƙon ƙwayoyin ne, kuma an fi ba da su bayan bugun zuciya ko bayan an saka wa mutum ɗan bututu a jijiyar zuciya. Warfarin, allurar heparin, da sababbin magunguna irin su apixaban, rivaroxaban, dabigatran da edoxaban, su kuma saƙar zaren suke tarewa. Waɗannan na biyun sun fi jawo zubar jini, kuma wanda aka haɗa wa gida biyun a lokaci guda ya fi kowa bukatar taka-tsantsan.

Dalilan ba da su kuwa manya ne. Akwai rikicewar bugun zuciya da likitoci ke kira AF, wadda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Warfarin yana rage wannan haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. Akwai gudan jini a jijiyar ƙafa, wanda kan iya ɓallewa ya tafi ya toshe huhu. Akwai kuma waɗanda aka saka wa bawul na ƙarfe a zuciya, wato ƙofar da ke tsara wucewar jini, su kam har ƙarshen rayuwa za su sha, kuma warfarin da danginsa ne ƙwayoyin da aka amince da su gare su.

Inda tsoron ya samo asali

Tarihin warfarin kansa ya isa ya tsorata mutum. A shekarun 1920 shanu sun riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata ciyawa da ta ruɓe a ajiya. Masana a Jami'ar Wisconsin, ƙarƙashin Karl Paul Link, suka gano sinadarin da ke haddasa hakan, kuma daga gare shi aka haɗa warfarin, wanda ya fara shiga kasuwa a 1948 a matsayin maganin ɓera. Sai a 1954 aka amince a ba mutane, kuma ya karɓu sosai bayan an ba shugaban Amurka Dwight Eisenhower da ya samu bugun zuciya a 1955.

Magani ne mai wuyar sha'ani. Yana aiki ta hanyar tare sinadarin bitamin K, don haka abinci, wasu magunguna, zazzaɓi ko gudawa duk suna iya sauya ƙarfinsa. Shi ya sa ake yawan gwajin jini da ake kira INR, wanda ke nuna ninki nawa jinin ya ƙara jinkirin daskarewa. Ga yawancin marasa lafiya ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Masu wasu bawul na ƙarfe akan ɗaga musu zuwa tsakanin 2.5 da 3.5. Idan ya yi ƙasa gudan jini na iya fitowa, idan ya haura jini na iya ɓallewa. A irin wannan yanayi, ba abin mamaki ba ne likitocin da suka wuce su ce wa majiyyaci ya zauna lafiya kawai. Hasali ma, wanda aka samu da gudan jini a ƙafa a da kwantar da shi ake yi na kwanaki, don gudun kada motsi ya ɓalle gudan.

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na ɗaya, bincike ya nuna cewa da zarar an fara maganin, tashi da tafiya da wuri ba ya ƙara haɗarin gudan ya tafi huhu, har ma yakan rage ciwo da kumburi. Na biyu, sababbin magunguna sun fito: a Amurka an amince da dabigatran a 2010, rivaroxaban a 2011, apixaban a 2012, edoxaban a 2015. Ba sa bukatar gwajin INR, ba ruwansu da bitamin K, kuma zubar jini a cikin kai ya ragu da kusan rabi a masu shan su idan aka kwatanta da warfarin. Sai dai tsohuwar shawarar ta riga ta zauna a zukatan mutane, musamman iyalan majiyyaci, waɗanda sau da yawa su ne ke hana shi ko da zagaya gida.

Gumi ba ya zubar da jini, buguwa ce ke yi

Bugun zuciya da sauri, haki da gumi ba sa fasa jijiya. Abin da ke fasa ta shi ne faɗuwa, karo, duka ko tsagewar tsoka. Don haka tambayar da ta dace a yi wa kowane irin motsa jiki ita ce: idan abu ya ɓaci a nan, wane wuri ne zai bugu, kuma da wane ƙarfi?

Da wannan ma'auni, mutum na iya yin atisaye mai tsanani ƙwarai ba tare da haɗari ba, ya kuma shiga haɗari babba da abin da ko gumi bai sa shi ba. Wanda ya yi minti 40 yana tuƙa keken da ke kafe a ɗaki har rigarsa ta jiƙe, ya fi tsira daga wanda ya hau tsani don gyara ƙwan fitila. Tafiya da sauri, sassarfa a fili mai laushi, ninƙaya, rawa, miƙe gaɓoɓi, da jan robar atisaye duk suna cikin abin da likitoci ke ƙarfafawa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wato minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki da kwana 2 na ƙarfafa tsoka, bai ware masu shan wannan magani ba. Matsakaici shi ne wanda mutum zai iya magana yana yi, amma ba zai iya waƙa ba.

A ɗaya gefen akwai wasannin da duka ko karo shi ne tushensu: dambe, kokawa, zari-ruga, da makamantansu. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2020 ba su amince mai shan maganin hana daskarewar jini ya shiga wasan gwabza jiki ko mai yawan jawo rauni ba. Irin wannan haɗarin ne ya zaunar da 'yan wasan da aka ambata a sama. Ba gudu aka hana su ba, gwiwar hannun abokin hamayya aka gudar musu.

Tsakanin waɗannan biyun ne rigimar take. Ƙwallon ƙafa tsakanin abokai, tuƙa keke a kan titi, sukuwar doki, hawan dutse: mutum na iya yin shekaru bai faɗi ba, amma rana ɗaya ta isa. A nan babu amsa guda ga kowa. Ana duba shekarun mutum, ƙwarewarsa, irin maganin da yake sha, ko ya taɓa zubar jini, da nisan wurin daga asibiti. Hular kwano wajibi ce ga mai keke ko doki, amma tana rage fashewar ƙoƙon kai ne, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. A ƙwallon ƙafa kuwa, sa kai da tsalle tare da wani don neman ƙwallo su ne mafi muni.

Ɗaga ƙarfe yana da nasa bayanin. An yarda da shi, amma mara nauyi ƙwarai, a maimaita sau da yawa, ana numfashi. Mai riƙe numfashi yana yunƙurin ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa, jininsa kan hau na ɗan lokaci fiye da yadda ake zato; an taɓa auna sama da 300 a jikin ƙwararrun masu ɗaga ƙarfe. Hawan jinin da ba a shawo kansa ba yana cikin manyan abubuwan da ke fasa jijiya a ƙwaƙwalwa, don haka mai shan maganin tsinka jini da kuma ke da hawan jini, ya fara daidaita awonsa kafin ya ƙara nauyi.

Me ya sa kai ya fita daban

Yanka a hannu ana ganinsa, ana danne shi. A sa tsumma mai tsabta a danna da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, yawanci zai tsaya. Kwanciyar jini a ƙarƙashin fata ma, ko da ta yi faɗi ta yi baƙi, galibi tana wucewa da kanta.

Ƙoƙon kai kuwa rufaffe ne, ba ya buɗewa. Jini kaɗan da ya taru a ciki zai danne ƙwaƙwalwa. Ga tsofaffi abin ya fi sauƙin faruwa, domin ƙwaƙwalwa na ɗan motsewa da shekaru, ƙananan jijiyoyin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe su yi saurin tsinkewa. Jinin na iya ɗiga a hankali. Mutum ya zame a bakin wurin ninƙaya, ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya tashi yana dariya, ya ci abinci ya kwanta. Bayan kwana uku, ko ma makonni, sai iyali su lura yana yawan barci, yana maimaita tambaya ɗaya, ƙafarsa guda tana ja. A lokacin ba wanda ke tuna faɗuwar.

Saboda haka shawarar da aka fi bayarwa ita ce, duk buguwar kai mai ƙarfi ga mai shan wannan magani a je asibiti a ranar, ko da yana jin garau, kuma kalmar farko da zai gaya wa ma'aikacin lafiya ita ce sunan maganin da lokacin da ya sha na ƙarshe. Ciwon kai mai tsanani, amai, ruɗewa, gani bibbiyu, karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, waɗannan ba a jira da su ko awa ɗaya.

Akwai wata zubar jinin ta ɓoye da ba a cika magana a kanta ba, wato ta cikin tsoka. Tsokar cinya, ta ciki, ko ta can cikin ƙugu na iya tsagewa ta tara jini mai yawa ba a ga komai a waje ba. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wuri ya kumbura ya yi tauri, ko jiri da bugun zuciya bayan atisaye, ba gajiya ba ce. Haka baƙin bayan gida, jini a fitsari, ko haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba.

Inda masana suka rabu

Saɓani na farko a kan tsofaffi masu yawan faɗuwa ne. Wasu likitoci kan ji tsoron ba su maganin, ko su ba su amma su taƙaita musu zirga-zirga. Wasu kuma suna kafa hujja da wani lissafi da aka wallafa a 1999, wanda ya nuna cewa tsoho mai AF sai ya faɗi kusan sau 295 a shekara kafin haɗarin taruwar jini a kansa ya rinjayi amfanin warfarin. Masu suka na cewa lissafi ne na takarda, kuma bai ƙidaya sauran raunuka ba. Duk da haka, akasarin ƙa'idojin yau sun karkata ga cewa tsoron faɗuwa kaɗai bai isa a hana maganin ba. Zama wuri ɗaya kuma yana kashe tsokar ƙafa, raunin ƙafa shi ke kawo faɗuwar da ake gudu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 65 zuwa sama su riƙa atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa jiki aƙalla kwana 3 a mako. Wani bincike da aka yi a Suwizalan, aka wallafa a 2015, ya gano cewa tsofaffin da ke shan maganin kuma suke motsa jiki sosai sun fi ƙarancin mummunar zubar jini. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa motsa jikin ne ya kare su, domin mai ƙoshin lafiya dama shi ke iya motsawa, amma ya rushe zaton cewa motsi ne ke jawo zubar jinin.

Saɓani na biyu ya shafi 'yan wasa. Sababbin magungunan suna fita daga jiki da sauri. Apixaban, misali, rabinsa na fita cikin kusan awa 12, alhali tasirin warfarin kan ɗauki kwanaki. Wannan ya sa wasu ƙwararru suka kawo shawarar a tsara wa ɗan wasa lokacin shan magani, yadda zai shiga fili lokacin da ƙarfinsa ya yi ƙasa, ya sha bayan an tashi. Masu adawa suna cewa awannin da maganin ya yi ƙasa su ne awannin da ba kariya, kuma ba a yi manyan gwaje-gwaje da suka tabbatar da amincin tsarin ba. Ko masu goyon bayansa ma sun iyakance shi ga ƙwararrun 'yan wasa da ake auna yawan maganin a jininsu, waɗanda suka riga suka kammala watannin farko na jinya. Ba izini ba ne ga kowa ya tsallake ƙwayar safe saboda yana da wasa da yamma. Ga mai bawul na ƙarfe ko mai sabon gudan jini, yin haka wasa ne da rai.

Na uku shi ne ko duk wanda ya bugi kai sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin jinya a Ingila, a da tana cewa a yi wa mai shan warfarin hoton CT cikin awa 8. A 2023 ta sassauta lafazin zuwa likita ya duba yiwuwar yi, kuma ƙa'idar ta shafi sauran magungunan ma, ban da mai shan asfirin shi kaɗai. Sassaucin na likita ne bayan ya duba mutum, ba na majiyyaci ba ne ya yanke wa kansa a gida.

Abin da ke biyo bayan atisaye

Sau da yawa matsalar ba a fili take faruwa ba, a gida ne. Mutum ya dawo da ciwon gwiwa ko targaɗe, ya ɗauki ibuprofen ko diclofenac. Waɗannan suna cin bangon ciki kuma suna rage danƙon ƙwayoyin jini, haɗa su da maganin tsinka jini na kusan ninka haɗarin zubar jini. Asfirin ma haka, in ba likita ne ya haɗa su da gangan ba. Farasitamol shi aka fi yarda da shi, amma mai shan warfarin da ya yi kwanaki yana shan sa da yawa, INR ɗinsa na iya hawa. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul da ɗaga ƙafa sun fi tausa mai ƙarfi, wadda kan iya ƙara fasa ƙananan jijiyoyi. Ƙafar da ke da gudan jini kuwa ba a matsa ta ko kaɗan.

Sai abinci. Wanda ya fara atisaye yakan sauya cimarsa a lokaci guda: ya ƙara ganye, ya rage ƙiba, ya sayi garin ƙarin kuzari. Ga mai shan warfarin, alayyafo, kabeji da sauran ganyaye masu yawan bitamin K ba haramun ba ne, abin da ake so shi ne ya riƙa cin kusan adadi ɗaya kullum. Wanda bai saba ba, ya wayi gari yana shan markaɗen ganye kofi guda kowace safiya, INR ɗinsa zai faɗi. Wasu ƙananan bincike ma sun nuna cewa ƙaruwar motsa jiki kanta na iya sa mutum ya bukaci ƙarin warfarin. Mafita ita ce a gaya wa mai duba gwajin kafin a fara, ya matso da ranar awo. Ƙwayoyin ganye irin su ginkgo, da waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, a nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna tukuna. Masu shan rivaroxaban na miligiram 15 ko 20 su tuna da abinci ake shan sa, kada fita atisaye da sassafe ya sa a sha shi cikin yunwa.

Ƙishirwa ma tana da nata tasirin: rashin ruwa na kawo jiri da faɗuwa, yana kuma takura ƙoda, ga shi dabigatran mafi yawansa ta ƙoda yake fita.

Yaushe ake farawa

Wanda aka sallama bayan gudan jini a ƙafa ko huhu yakan fara da tafiya a hankali tun kwanakin farko, ya riƙa ƙara mintuna gwargwadon yadda ciwo da numfashi suka bari. Gudu da ɗaga nauyi sai bayan makonni, da amincewar likita, musamman idan gudan ya taɓa huhu har ya wahalar da zuciya. Sabon ciwon ƙirji, haki fiye da ƙima, tarin jini ko suma na nufin a tsaya a nemi asibiti.

Tsawon jinyar shi ke raba makomar mutane. Idan gudan ya fito ne saboda dalili mai wucewa, kamar tiyata ko karaya, mafi ƙarancin magani wata 3 ne, bayan haka mutum na iya komawa duk wasan da ya saba. Idan ya sake dawowa, ko babu sanannen dalili, ko kuma AF ce ko bawul na ƙarfe, maganin na iya zama na dindindin, kuma a nan sai dai a sauya irin wasan. Mai fita shi kaɗai ya riƙa ɗaukar waya da kati ko abin hannu mai sunan maganinsa, abokan atisayensa kuma su san yana sha. Akwai magungunan da ke karya ƙarfin warfarin da na dabigatran da wasu daga cikin sauran idan jini ya ɓalle, amma kowanne da nasa, kuma likitan gaggawa ba zai iya zaɓa ba sai ya san wanda aka sha.